Wa ya ɗauki alkawarin da manhaja ta tsara?

Manhajar tsara lokacin ganawa, irin Calendly da Tope Awotona, haifaffen Legas, ya kafa a Atlanta a 2013, aikinta ɗaya ne. Mai sana'a zai nuna mata sa'o'in da yake da sarari, ya haɗa ta da kalandarsa da kuma Zoom ko Google Meet. Abokin ciniki zai shiga ya zaɓi lokaci, nan take ta rufe wannan gurbi ta aika wa kowannensu hanyar shiga ganawar ta bidiyo. Sau da yawa mai sana'ar yana barci aka yi haka, sai ya wayi gari da alkawari a wuyansa, alhali bai buɗe baki ba.

A Musulunci alkawari kaya ne mai nauyi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ƙidaya saɓa shi cikin alamomin munafuki. Duk da haka jumhurin malamai suna ganin cika shi mustahabbi ne mai ƙarfi, alƙali ba ya tilasta shi. Malikawa kuwa sun tsananta: mashhurin zancen mazhabar shi ne alkawari yana zama dole idan wanda aka yi wa ya shiga wata hidima ko kashe kuɗi saboda shi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta karkata ga wannan fahimta a zamanta na Kuwait a 1988. Wanda ya bar shagonsa, ya sayi data, ya zauna gaban kwamfuta yana jira, babu shakka ya shiga hidima.

To, wa ya yi alkawarin? Ba za a kira manhaja wakiliya ba, domin wakilci a fiƙihu yana buƙatar hankali da niyya, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Ta fi kama da wasiƙa: rubutu ne da mai shi ya ajiye a ƙofa, duk wanda ya amsa ya amsa masa ne. Dokar zamani ma nan ta nufa, don yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2005 kan sadarwar lantarki a cinikayya ta hana a rushe ƙulli don kawai na'ura ce ta kammala shi. Ke nan an ɗauki alkawarin tun ranar da aka buɗe sa'o'in, kuma a ranar ne ya kamata a yi tunani.

Nan ma wurin in sha Allah yake. Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, ta hori mumini kada ya yanke cewa zai yi abu gobe ba tare da jingina shi ga nufin Allah ba. Manhaja ba ta furta wannan kalma, kuma rubuta ta a saƙon tabbatarwa ba ya wadatarwa idan zuciya ba ta ɗauke ta ba. (Ko ba manhaja, an daɗe ana mayar da kalmar ƙofar zillewa.) Maɓallin sauya lokaci shi ne amincewar na'urar cewa gobe ba a hannun kowa take ba, amma uzuri na gaskiya aka yi shi dominsa.

Sai batun salla. Manhaja agogo take bi, salla kuwa rana take bi. A Kano faɗuwar rana tana motsawa kusan awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli. A Landan tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 a Disamba, bayan ƙarfe 9 a Yuni. Gurbin da ya yi daidai a damina yana iya hawa kan magariba a hunturu. Saboda haka masu kiyayewa sukan toshe lokutan salla da na Juma'a a kalanda, su bar tazarar mintoci tsakanin ganawa da ganawa, su sake duba tsarin duk lokacin da yanayi ya juya ko azumi ya kama.