Yardar Mai Buƙata a Binciken Lafiya

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, inda tamowa, wato ramewar yaro saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, ke tsananta duk damina kafin gero ya nuna, jama'a sun saba da ma'aikatan agaji, musamman tun daga yunwar 2005, kuma aikin nasu kan zo tare da bincike. A 2008 ƙungiyar Save the Children ta gwada raba kuɗi ga gidaje matalauta a Tasawa tana bibiyar lafiyar yaransu, daga baya kuma Action contre la Faim ta yi nazari a Mayahi kan ko ma'aikatan lafiya na ƙauye za su iya jinyar tamowa mai tsanani a kusa da gida. Kowane irin wannan aiki yana buƙatar mutanen da za su shiga da son ransu, kuma a nan tambaya take: shin yardar wanda buƙata ta matsa wa yarda ce ta gaskiya?

Fiƙihun Malikiyya, wanda malaman yankin suke karantarwa, ya shardanta wa kowace yarjejeniya hankali da zaɓi da sanin abin da ake ƙullawa, yana kuma ɓata ta da ikirahi, wato tilastawa, ko da garari, wato duhun da ke ɓoye wa mutum abin da zai samu da abin da zai rasa. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda likitocin duniya suka yi wa kansu ƙa'ida, ita ma a kan haka ta tsaya. Sai dai ba a cika tilasta wa kowa a fili ba. Uwar da aka ɗaura wa ɗanta ma'aunin dantse ya nuna ja, wadda ta taho a ƙasa tun asuba da goyo, idan aka miƙo mata takarda da Faransanci aka ce ta dangwala yatsa, kunya da girmama baƙo da sanin cewa maigari ya riga ya amince duk za su hana ta cewa a'a, balle kuma tana tsoron ƙin yarda ya jawo a hana ɗanta magani.

Cewa talauci yana soke yarda gaba ɗaya kuskure ne, domin hakan ya mayar da talaka kamar yaron da ba ya da ikon yanke wa kansa shawara, ya kuma hana yankin maganin da aka gwada a kan cututtukansa. A Madarumfa, cikin jihar nan, daga 2014 cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin zawo mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, aka tabbatar yana kare su daga zawo mai tsanani. An ba rabinsu ruwan da babu magani a ciki domin kwatantawa, aka kuma zaɓe su ta ƙuri'a, wadda fiƙihu ya yarda da ita wajen rabo idan haƙƙoƙi suka yi daidai. Sharaɗin dai shi ne iyaye su san da wannan tun farko.

Don haka nauyin yana kan mai bincike, domin shi ne mai ilimi da iko. Wajibi ne ya yi bayani da Hausar da ake ji a ƙauyen, gaban shaidar da ba ya cin albashinsa, ya faɗa ƙarara cewa wadda ta ƙi za a yi wa ɗanta magani kamar kowa, wadda ta shiga kuma tana iya fita ranar da ta ga dama. Izinin maigari ko na miji yana buɗe ƙofar gida ne, ba ya maye gurbin fahimtar uwar da za ta riƙa kai yaron ana ɗibar jininsa. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba, yana cikin dalilan da aka riƙa ambata sa'adda jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.