Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: raɓar da ta shekara ɗari a Yawunde

Duk manomin da ya taɓa sharar gona a Gulbin Kaba, can wajen Mayahi da Tasawa a jihar Maraɗi, ya san halin kaba. A sare ta da gatari, a cinna mata wuta da bazara, ruwan farko na sauka sai ga ta ta toho, domin saiwarta tana can ƙasa inda fartanya ba ta kaiwa. Raɓa kuwa da dare take sauka, ta jiƙa ganyen wake da ƙafar wandon mai sammako, kafin hantsi ya ɗaga a neme ta a rasa. Da waɗannan biyu Bahaushe ya auna mai zuwa da wanda aka tarar, ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Maganar tana da baki fiye da ɗaya. Ana faɗa wa maigidan da baƙonsa ya ishe shi, don ya ƙara haƙuri, ai gobe zai ɗaure kayansa. Ana faɗa wa baƙon da ya fara tsoma baki a rabon gado ko rikicin sarautar garin da ya sauka. Amma inda ta fi cizo shi ne in an jefa ta ga ɗan gari mai rawar kai, wanda ya ɓata da maƙwabcinsa don ya burge wani mai wucewa: baƙon zai tafi, ya bar shi katanga ɗaya da wanda ya ɓata wa rai har ranar da za a ɗauki ɗayansu.

Abin dariyar shi ne, mutanen da suka yi wannan karin magana su ne manyan baƙin Afirka ta Yamma. Daga Salaga zuwa Kumasi, daga Sabon Ibadan zuwa zangon Lome, babu inda fatake ba su kafa bukka ba. To idan suka kai maganar can, wa take nufi? Unguwar Briqueterie da ke tsakiyar Yawunde, babban birnin Kamaru, wuri ne mai kyau na yin wannan tambaya.

A ƙarshen shekarun 1880 Jamusawa suka kafa sansaninsu a ƙasar Ewondo, cikin kurmi da tuddai, a wurin da ya zama Yawunde. Fataken Hausa sun riga sun san hanyar kudu ta Tibati da Yoko, suna sayen hauren giwa da goro, daga baya har da roba, suna kawo tufafi da dutsen ado. Da hanya ta buɗe a zamanin Hans Dominik, hafsan Jamus da ya daɗe yana riƙe da sansanin, sai suka gangaro suka yi zango kusa da Turawa. Jamusawa suka fice daga garin a farkon 1916. Faransawa suka gaje su, suka mai da Yawunde hedikwata a 1921, kuma da gari ya fara faɗi aka tashi Hausawa daga inda suka fara zama. A shekarun 1930 aka tsugunar da su a Ekoudou, kusa da wurin da ake gasa bulo tun zamanin Jamus, wanda shi ya ba unguwar sunan Briqueterie da take amsawa yau. Faransawan ma sun naɗe tutarsu a 1960. Masu bindiga biyu sun zo sun wuce. Mai tallar goro yana nan.

Yau wanda ya shiga unguwar da yamma, hayaƙin tsire ne zai fara yi masa maraba. Mutanen Yawunde na kowane addini nan suke zuwa cin nama, ma'aikaci da ɗan tasi, ana yanka musu a takarda da yaji da albasa. A bayan masu tukuba akwai shagunan shadda da atamfa, da teloli masu aikin surfani waɗanda ba sa barci in salla ta matso, da masu kilishi da turare da carbi. Shanun da ake yankawa a garin daga arewa suke zuwa, da yawansu daga tudun Adamawa, kuma tun da layin dogo ya isa Ngaundere a 1974 tafiyar da kakanni ke yi a ƙasa wata da watanni ta koma ta kwana ɗaya. Hausa ce harshen ciniki, ga Fulatanci, ga Faransanci da yara suka fi sakewa da shi. A bakin mutanen kudu kuwa, duk mai doguwar riga da hula Bahaushe ne, ko Bafulatani ne daga Garwa, ko Babarbare, ko Bamun daga Fumban, ko ɗan Mali.

A nan maganar ta fara yin nauyi. Mutumin da aka haifi kakansa a Briqueterie, aka yanke masa cibiya a nan, bai san wata rijiya ko wata bishiyar kuka da zai kira tasu a Katsina ba, shi raɓa ne ko kaba? In ya je Kano ziyara, da ya buɗe baki za a ce ga ɗan Kamaru. In ya dawo gida, siyasar ƙasar tana da nata ma'auni. Kundin tsarin mulkin 1996 ya yi maganar kare haƙƙin 'yan asalin wuri, kuma dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta tanadi cewa magajin babban gari sai ɗan asalin yankin. Ewondo suna da hujjarsu, domin ƙasar kakanninsu ce birni ya cinye, kuma ba mai hankalin da zai ce su manta. Sai dai sakamakon shi ne mutum ya shekara saba'in a layin da aka haife shi, takarda tana kallonsa a matsayin wanda ya zo jiya. Hausawan zango kuma ba su manta abin da ya faru a Gana ba a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka ga waɗanda aka haifa a Kumasi suna hawa mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Nijeriya ta yi irin nata a 1983.

Duk da haka, zango yana da hanyarsa ta yin saiwa, kuma ba ta bi ta ofis ba. Ta farko ita ce masauki. Tsarin da Abner Cohen ya bayyana a bincikensa na Sabon Ibadan, wanda ya fito a 1969, shi ne dai na kowane zango: maigida ya saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki da bashi. Ranar da mutum ya fara saukar da wani, ya daina zama baƙo, ko da shi kansa bai lura ba. Sai masallaci da makarantar allo, sai aure, domin an auri 'yan ƙasa tun zuwan farko, har ya zama akwai gidajen da dangin uwa ke zuwa coci ranar Lahadi su kuma zo cin tuwon suna. Ta ƙarshe ita ce maƙabarta. Falke yana iya barin rumfa da bashi ya yi gaba, amma wanda ya binne uwarsa a jar ƙasar Yawunde ya gama ƙaura.

Malaman unguwa za su ce duk wannan gardamar 'yan duniya ce. A wa'azin azumi ana yawan kawo hadisin Ibn Umar da Buhari ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya dafa kafaɗarsa ya hore shi da ya zauna a duniya zaman baƙo ko mai wucewa. A wannan ma'auni Ba'ewonde da Bahaushe duk raɓa ne, kuma babu takardar fili da ta taɓa hana ɗaukar gawa. Wannan fahimta ta yi wa mutanen zango rana. Ita ta sa suka iya zama ƙarƙashin Jamus da Faransa, da Ahmadu Ahijo da Paul Biya, ba tare da sun ɗauki kansu masu gari ba, kuma ita ke sa attajiri ya shimfiɗa tabarmar buɗa-baki a ƙofar gida don wanda bai san sunansa ba.

Amma akwai inda aka sha maganar fiye da ƙima. Baƙuntar da hadisi ke nufi ta zuciya ce, ba ta ce a ƙi gyara magudanar ruwa ba. Wasu iyaye sun rayu da jaka a ɗaure, kullum gobe za a koma gida, suka ƙi sa yara a boko, suka tura ribar shekaru can arewa aka gina ɗakunan da ba su taɓa kwana ciki ba, gidan da suke ciki kuwa ko takarda babu. Tun dokar filaye ta 1974, takardar mallaka ta hukuma ce hujjar da ake dubawa a Kamaru, ba shaidar dattawa cewa kakan wane ne ya sare dajin ba. Da hukumar birni ta shiga rusau a tsofaffin unguwanni a zamanin shugabanta Gilbert Tsimi Evouna, cikin shekarun 2000, masu takarda da marasa ita ba su kwana da fargaba iri ɗaya ba. Jikokin waɗancan iyaye sun ɗauki darasi: yau a cikinsu akwai lauyoyi da likitoci da malaman jami'a, kuma wanda ya samu hali yakan sayi fili a Tsinga ko wata sabuwar unguwa, ya fara da neman takarda kafin ya sa bulo.

Ɗakunan da suka bari ba sa kwana babu kowa. Samari daga Nijar da Chadi suna sauka da 'yar jakarsu, su fara da tallar shayi ko gyaran takalmi, kuma tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a arewa mai nisa a 2014 an samu ƙarin masu gangarowa daga wajen Mora da Kolofata. Jikan falken da aka tsugunar a Ekoudou shi ne yanzu mai ba da haya, shi ake tambaya ko ya san yaron kafin a ba shi bashin buhun sukari, kuma shi ke zuwa ofishin 'yan sanda da katinsa na ɗan ƙasa in an kama wani ba takarda.