Zinaren Wasa, Cefanen Gaske

A wasan Old School RuneScape akwai wani daji, Wilderness, inda doka ta yarda ka kashe ɗan wasa ka kwashe kayansa. Hanya ce mai sauri ta tara zinare: wani ya sha wahalar farauta, kai ka tare shi. Na sha yin haka ina dariya.

Daga baya na gane wasu daga cikin waɗanda nake tarewa. Wajen 2017, da kuɗin Benezuwela ya karye, mutanen can suka riƙa kwana suna kashe korayen dodanni, su sayar da zinaren da dala, su yi cefane.

Ni ɗan Birnin Gwari ne. Na san masu haƙar zinare a dajinmu, na san masu bindigar da ke jiran fitowarsu. Ban ce ɗaya ba ne. A allo ba a zubar da jini, kuma sayar da zinaren ma karya dokar wasan ne. Manhaja nake rubutawa, na san lamba ce kawai ke raguwa a asusun mutum. To idan lambar nan ita ce abincin yaransa na dare, halascin da kamfanin wasa ya ba ni ya wanke ni?

Har yanzu ina shiga dajin, sai dai in na hango mai farautar dodanni, hannuna yakan tsaya.