Yaro, Uba da Tsohuwar Motar Kaka

A wani gida a cikin garin Maradi akwai mota ƙirar Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira bashe a Nijar, a-kori-kura a ƙetaren iyaka. Ta fi shekara 15 tana tsaye jikin katanga. Tayoyinta sun nutse cikin rairayi, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashin kujerarta, awaki na shan inuwarta da rana. Ta marigayi kakan gidan ce, wanda ya yi shekaru yana kai buhunan gujiya da hatsi kasuwannin Tibiri da Madarunfa da Tasawa da ita. Wata rana bayan Magariba jikansa ɗan shekara 16, ɗalibin lise, ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, ina so ka ba ni izini in tayar da motar Alhaji."

"Ka tayar da ita ka kai ta ina?"

"In gyara ta da hannuna, Baba, har ta koma kan hanya."

Uban bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce masa ya je, zai yi tunani. Jinkirin nan kaɗai ya isa a yaba masa, domin amsar da ta fi saurin zuwa bakin iyaye a irin wannan wuri ita ce tsawa: karatu aka sa ka ko tonon bola? Abin da ya kwana da shi a zuci tambaya ce ta tarbiyya. Idan yaron da ya fara zama mutum ya zo da buri nasa na kansa, mai cin kuɗi da lokaci, wanda mai yiwuwa ba zai kai ko'ina ba, mene ne haƙƙinsa a kan mahaifinsa?

Ya kamata a fara sanin abin da yaron ya ƙyalla ido a kai. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960, mai buɗaɗɗen bayan ta biyo a 1967. Daga 1975 aka riƙa haɗa motocin Fijo a Kaduna, abin da ya sa kayan gyaransu suka wadata a kasuwannin wannan yanki, kuma an ci gaba da haɗa 404 a Kenya har 1991. Injinta na fetur lita 1.6 ne mai fistin huɗu, giyarta a jikin sitiyari take, tana ɗaukar kaya kusan tan guda, ko da yake direbobin kasuwa ba su taɓa tsayawa a nan ba. Babu kwamfuta a cikinta. Motar zamani in ta ƙi tashi sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwonta, wannan kuwa duk abin da ke jikinta ido na ganinsa, hannu na kai gare shi. Ga mai son sanin yadda inji ke aiki, da wuya a samu allon da ya fi ta. Ashe zaɓin yaron ba shirme ba ne.

Dalilan ƙi da uba zai faɗa a fili sanannu ne: karatu zai lalace, kuɗi babu, akwai haɗari. Dukansu gaskiya ne, za a kuma komo kansu. Amma akwai na huɗu da ba a faɗa, wanda sau da yawa shi ne ke tuƙa sauran, wato kunyar idon mutane. Yaron da ake sa ran zai ci BAC ya tafi jami'a, a wuce a gan shi kwance ƙarƙashin mota, baƙi ƙirin da mai kamar yaron gareji, me maƙwabta za su ce? Akwai gwaji mai sauƙi da uba zai yi wa zuciyarsa a ɓoye. Da yaron kwas ɗin kwamfuta ya roƙa, mai cin kuɗi da lokaci daidai da wannan, da zai hana shi? In amsar a'a ce, to ba karatun yake karewa ba, sunansa yake karewa, kuma yaro ɗan shekara 16 yana jin ƙanshin wannan bambanci ko da bai iya sa masa suna ba. Abin mamaki, gidan da ake jin kunyar baƙin mai a cikinsa da kuɗin wannan motar aka gina shi. Shi kansa uban, ranar da tasa motar ta mutu a hanyar Dakoro da tsakar rana, mai baƙin hannun nan yake roƙo da murya mai laushi.

Son zuciya yana da wata ƙofa ta biyu, kuma ita ta fi wuyar ganewa, saboda da rigar ƙauna take shigowa. Uba ya tuna yana yaro yana zaune saman buhuna a bayan motar nan, hawaye su cika masa ido, ya ce a gyara ta. Ya kira kanike, ya biya, ya zaɓi kalar fenti, cikin wata uku mota ta fito tana walƙiya. Yaron yana tsaye a gefe duk tsawon lokacin, yana miƙa sifana. An samu mota, an rasa abin da aka roƙa. Yaron bai ce a ba shi mota ba, ya ce a bar shi ya gyara da hannunsa. Himmar tasa ce, kuma wanda ya karɓe wa yaro aiki don ya fi shi iyawa ya yi masa ƙwace, ko da murmushi ya yi shi.

Dalilin da ya sa barin aikin a hannun yaron ke da daraja yana cikin aikin kansa. Injin da ya yi shekara 15 bai juya ba yakan kame, fistin su manne da bangon da suke gudu a ciki. Sai a cire fulogi, a zuba baƙin mai da ɗan gazuwal ta ramukansu, a bar shi kwanaki, a gwada juya shi da hannu, in ya ƙi a ƙara zubawa a ƙara jira. Wanda ya yi gaggawa ya matsa da ƙarfi zai karya abin da ba shi da kuɗin saye. Tsohon fetur ya zama danƙo a tanki da kafireto. Robobi sun tsattsage, ɓeraye sun ci wayoyi, lagireto ya toshe. Noti guda mai tsatsa yana iya cin yini, in kuma aka murɗe shi ya karye a ciki, fitar da guntunsa ya ci kwana uku. Zuciyar saurayi fenti take so tun ranar farko, da fitilu, da abin da abokai za su gani. Motar kuwa ta ajiye fenti a ƙarshen layi, bayan watanni na aikin da ba wanda zai gani balle ya yaba.

Uba zai iya ce wa ɗansa "ka yi a hankali" sau dubu, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Noti ɗaya da ya karye a hannunsa zai koya masa ita a yini guda. Ƙarfe ba ya zagi, ba ya gori, ba ya kwatanta yaro da ɗan wane, ba ya kuma yi masa ƙarya don ya ji daɗi. In ya yi daidai abu ya zauna, in ya yi kuskure ya ƙi zama. A shekarun da yaro ke ɗaukar kowace nasiha ta babba a matsayin raini, samun malamin da ba za a iya yi wa gardama ba rahama ce. Ana yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗan shekara 16 ya fara bushewa. Mai tanƙwara shi da ƙarfi a wannan lokaci yana iya jin ƙarar karyewa.

Sai dai barin aiki a hannun yaro ba shi ne naɗe hannu ba. Akwai abubuwan da motar ba za ta koya masa ba sai bayan ɓarna ta auku, waɗannan su ne rabon uba.

Na farkonsu bai ma shafi inji ba. Motar ta wa ce? Ta mamaci ce, saboda haka dukiyar gado ce, kuma tsayuwarta a gidan ɗaya daga cikin magada bai mayar da ita tasa ba. Kakar yaron tana cikin masu tumuni, baffanninsa biyu na da rabo, gwaggonsa da ke aure a Zinder na da nata. Yau da motar take kwance, darajarta ba ta wuce abin da masu sayen tsohon ƙarfe za su biya bisa kilo ba, kowa zai ce a ɗauka, don Allah. Ranar da ta tashi ta zaga unguwa, kowa zai tuna motar mahaifinsa ce. Babu zaluncin da ya kai a bar yaro ya zuba shekara biyu ta ƙuruciyarsa cikin abu, sannan a zo a ce a sayar a raba. Wajibi ne uba ya tara ƴan uwansa tun ba a kwance noti ɗaya ba, a yi wa motar kuɗi, ya biya kowa rabonsa ko kowa ya furta kyautarsa a gaban shaidu, a rubuta, a kuma nemi takardunta da ke ɗauke da sunan marigayi a san yadda za a sauya su. Wannan magana ce mai nauyi tsakanin ƴan uwa, shi ya sa ake gudunta. Yaro ba zai iya yin ta ba.

Sai abin da ya shafi rai, kuma a nan babu shawara, umarni ne. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ba a kuma tokare ta da bulo, domin bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Katako mai kauri ake sawa. Ba a zuƙo fetur da baki. Ba a kawo wutar walda kusa da tanki, ko da an ce babu komai ciki, tururin da ya rage ya isa ya tarwatsa shi. Man birki yana shan danshi, ya sa tsatsa ta ci cikin birkin motar da ta daɗe a tsaye, don haka babban kanike ne zai duba birki da sitiyari kafin taya ta taɓa titi. Kuma ko mota ta tashi gobe, yaron ba zai tuƙa ta a hanya ba sai ya kai shekara 18 ya samu lasisi. Gara ya ji wannan tun yau, kada ya ji shi ranar da makulli ke hannunsa.

Kuɗi kuma a faɗa masa gaskiyarsu. Uban da ke da ƴaƴa bakwai ba zai kwashe kuɗin makarantar ƙanne ya zuba a burin wa ba, adalci tsakanin ƴaƴa bai yarda ba. Ya yanke abin da zai iya, jika kaza a wata, ya ce iyakarsa ke nan. Sauran yaron ya nema da aikin hutu, ya buɗe littafi ya rubuta kowace dala da ta shiga da wadda ta fita. Zai gano da kansa cewa wani abin sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, wani kuma sai an ciro daga jikin wata matacciyar 404.

Mahaifiyar yaron ce ta kawo damuwar da ta fi sauran ƙarfi. Ba ƙarfen take tsoro ba, mutanen da ke kewaye da shi take tsoro. Dole yaron ya riƙa zuwa gareji tambaya da aron kayan aiki, kuma wasu wuraren ba kanikanci kaɗai ake koya a cikinsu ba, akwai taba, akwai tramol, akwai bakin da ba ya jin kunyar kowa. Tana da gaskiya, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma maganin wannan ba kulle yaro ba ne. Uba ya taka da ƙafarsa ya nemo dattijon kanike wanda aka san halinsa, irin waɗanda suka tsufa a kan Fijo, ya damƙa masa yaron amana, ya riƙa leƙawa ba da sanarwa ba. Irin waɗannan dattawa suna ƙarewa, kuma da yawansu na jin zafin cewa babu mai tambayarsu abin da suka sani.

Game da karatu, sharaɗi guda ya isa: aikin mota na ranakun hutu ne, in maki ya faɗi a dakata har ya tashi. Abin da bai dace ba shi ne a mayar da motar bulala, duk laifin da yaro ya yi a gida a ce za a kira masu sayen ƙarfe. Wanda ake yi wa barazana da abin da yake so yakan koyi ɓoye abin da yake so.

Saura abu mai ɗaci. Mai yiwuwa motar ba za ta taɓa tashi ba. Ana iya buɗe injin a tarar ya tsage, ko kuɗi su ƙare, ko yaron da kansa ya gaji bayan wata shida hankalinsa ya koma wani wuri. A ranar ce za a san ko uban da gaske ya ba da izini, ko kuwa ya zauna ne yana jiran ranar da zai ce "ai na faɗa maka". Kalmomin nan huɗu suna da daɗi a baki, amma yaron da ya ji su ba zai sake kawo wani buri gaban mahaifinsa ba, zai kai shi inda ba za a yi masa dariya ba. In ya gaji, a zaunar da shi a tambaye shi inda ya tsaya da dalili, a sa shi ya mayar da kayan aron mutane, ya biya bashin da ya ci, ya tattara abin da ya kwance. Barin aiki ma yana da ladabinsa.

Uban nan na Maradi ya ɗauki mako uku kafin ya ba da amsa, kuma mafi yawan lokacin a kan maganar gado ya tafi, har da tafiya Zinder. Da ya kira yaron ya zayyana masa sharuɗɗan, ya miƙa masa makullin da ya daɗe a cikin akwatin kakarsa. Ranar Asabar ta farko a korar kaji da share rairayi ta ƙare. A ta uku, uban ya fito zai tafi La'asar ya tarar da yaron yana fama da wani noti, yana murɗa shi ta ɓangaren da ke ƙara ɗaure shi. Ya tsaya, hannunsa ya ɗan miƙe wajen sifanar, sai ya mayar da shi baya.

"Kai, an kira salla. Wanke hannunka mu tafi, in mun dawo ka sake duba shi da kyau."