Maganar da Ta Fito a Take, Alhakin Wa Ce?

Akwai wani uzuri da ya yi yawa a bakinmu kwanan nan, a gidan biki, a kasuwa, har a zauren sulhu: "Ai ban shirya ba, a take maganar ta zo mini." To, shin maganar da mutum bai shirya ba tasa ce, ko kuwa ba ta da mai ita?

Bari mu nemi amsa wajen makaɗa, tunda sun fi kowa sanin magana a take. Hukuncin kiɗa dai malamai sun yi bayani, kowa ya san inda malaminsa ya tsaya. Mu darasi kawai za mu ɗauka.

Ku dubi marigayi Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa a ƙasar Katsina, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999. An san shi da yin waƙa nan take. Masu kalangu za su ɗauki kiɗa, ya ba 'yan amshi abin da za su riƙe, sai ya dubi taro: wane ne ya shigo yanzu, wane ne ya yi kyauta, me ya faru a garin yau. Duk sai ya saƙa su cikin waƙa. Shi ya sa ko Bakandamiya, in ka saurari kaset biyu na wurare dabam, ba za ka ji ta iri ɗaya ba.

Mai kallo zai ɗauka abin daga sama yake faɗo masa. Ina! Kalangu na riƙe da ma'auni, amshi na dawowa a kan lokacinsa, dole maganar ta shiga tsakaninsu. Sannan sunayen garuruwa, asalin mutane, karin magana, duk shekaru ya yi yana yawo yana tara su. Abin da ke rumbu shi ake ɗebowa, wanda ya zuba dawa kuwa ba zai ɗebo gero ba.

Mu ma mun san wannan a sana'o'inmu. Lokacin tafsirin azumi, alaramma zai ja baƙi, malam ya fassara ba tare da takarda ba, amma shekaru ya yi a zaure kafin ya hau wannan buzu. A kasuwar shanu ta Potiskum, dillali zai kalli sa sau ɗaya ya yanka masa kuɗi. Daɗewa cikin kara ce ta ba shi wannan ido. In ya dace muna yaba masa, mu ce gwani ne. To don me in baki ya fito da mugun abu za mu ce ba na mai shi ba ne?

Wani zai ce, ai akwai suɓutar baki, kuma addini ya yi rangwame a kan kuskure da mantuwa. Gaskiya ne. Wanda ya kira Audu da sunan Garba ya yi tuntuɓen harshe, ba laifi. Amma wanda fushi ya kama sai ga gorin asali ya fito cif-cif, da sunan kaka da sunan ƙauye, wannan ya daɗe da ajiye shi. Fushin dai ƙofar rumbun ya buɗe.

Abin ya shafe mu ƙwarai. Muna zaune da Bolawa da Ngizimawa da Karekare da Fulani, mun yi auratayya, sahu ɗaya muke bi a masallaci. Sai a ɗauko mawaƙi ko mai sanarwa a biki, ya riƙe lasifika, daɗin taro ya kwashe shi, ya yi wa wata ƙabila ko dangin kishiya habaici. A da yawanci irin wannan a filin take mutuwa. Yanzu kuwa waya na ɗauka, kafin a tashi ta isa Damaturu ta WhatsApp. Magana zarar bunu ce, zumuncin shekara talatin sai ya tsinke a dare ɗaya.

Kada kuma mu ɗora wa mai lasifika shi kaɗai. Mawaƙi fuskokin taro yake karantawa, inda aka yi shewa nan yake ƙara zurfi. Wadda ta yi guɗa, da wanda ya tashi ya liƙa kuɗi a daidai wannan habaicin, su ne 'yan amshinsa. Da sun yi shiru, da ya sauya hanya.

Saboda haka, mai biki ya gaya wa mawaƙinsa iyakarsa tun kafin a kunna janareta. In an kauce, dattijo ɗaya ya miƙe ya tsayar, kada a jira gobe. Mu kuma kowa ya duba irin hirar da yake yi a majalisa da gaban 'ya'yansa, don ita ce za ta fito ranar da babu lokacin tunani. Mala'iku masu rubutu ba sa ware wadda aka shirya da wadda ta zo a take.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya zaunar da unguwarmu lafiya. Amin.