Kare Na Saye Ko Kare Na Tsintuwa?

'Yan'uwa, a Ɗorayi da sauran unguwannin ma'aikatan Sharaɗa, Chalawa da Bompai, tsoron ɓarayi yakan sa maigida neman kare. Daga nan sai tambaya ta taso: a sayi kwikwiyo mai asali wurin mai kiwo, ko kuwa a ɗauki wanda aka yar a bola, ko wanda maigadi ya bari sa'ad da masana'anta ta rufe?

Katekizim na Ikilisiyar Katolika na 1992, a lamba ta 2418, ya yi gargaɗi biyu. Wahalar da dabba a banza ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam. Haka nan kashe mata kuɗin da ya kamata a fara agaza wa matalauta da shi. Na biyun ne ya fi taɓa mu. Karen Jamus da ake kira Alsatian yana da tsada, yana da ci, ga gashi mai kauri da zafin Afrilu a Kano yake gallaza masa. Sau da yawa ba gadi muke saye ba, alfarma ce, alhali kuwa 'ya'yan lebura a maƙwabta sun kwana da yunwa.

Ba mu ce kiwo zunubi ne ba. Mai kiwo na kirki yakan nuna uwar, ya ba da katin allura, ba ya kuwa yaye kwikwiyo kafin mako 8. Amma wanda ya ɓoye karyar da ya kulle a keji tana haihuwa ba hutu, da kuɗinmu yake ci gaba da zaluncinsa.

A ganinmu tsintuwa ta fi kusa da jinƙai, gama ran yana nan, yana kuwa shan wuya. Sai dai jinƙan da ba hankali haɗari ne. A birnin Landan akwai gidan karnuka na Battersea, wanda aka kafa a 1860, inda ake duba lafiyarsu kafin a bayar. A nan nauyin yana wuyan wanda ya tsinta. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana, kusan ba a tsira. Saboda haka kafin yara su taɓa shi, a kai shi wurin likitan dabbobi domin rigakafi, irin wanda cibiyar Vom take yi, a kuma maimaita yadda likitan ya ce. A tsare shi cikin gida, gama maƙwabtanmu da yawa ba sa son kare ya taɓa tufafinsu ko ya shiga zaurensu.