Saƙar Sha'awa da Saƙar Neman Abinci

Da zarar hunturu ya kawo jiki, wato daga Nuwamba zuwa Janairu, kasuwar ulu da kwarashi takan buɗe a ƙasar Gwandu. A Maruda da ƙauyukan da ke kewaye da ita za ka tarar da mata a tsakar gida bayan sun sauke tukunya, suna saƙa hular jarirai da safa da 'yar rigar sanyi da shawul. Daga nesa aikinsu ɗaya ne. Amma mu a ganinmu mata iri biyu ne ke riƙe da kwarashin nan, kuma akwai wani haƙƙi tsakaninsu wanda ba a cika maganarsa ba.

Ta farko mai saƙar sha'awa ce, malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya a Kalgo, wadda ke saƙa don hutar da zuciya. Ta biyu kuwa bazawara ce, ko wadda mijinta ya tafi cirani, kuma daga bakin kwarashin take fitar da kuɗin cefane da na sabulu. Idan mai sha'awa ta gama shawul wata ta yaba, sai ka ji ta ce, "Haba yaya, ba ni kuɗin ulun kawai." A ranta alheri ta yi. To, amma gobe mai sayen za ta je wurin bazawarar, in ta faɗi farashinta sai a ce mata ai wance ta yi a rabin haka. Tambayarmu ita ce, shin alherin da ka yi wa wanda ke gabanka yana iya zama cuta ga wanda ba ya wurin?

Kafin amsa, bari mu bi su kasuwa, domin tun daga nan ba daidai suke ba. Yawancin abin da muke kira ulu ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake sarrafawa daga man fetur. Saboda haka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin ulu da kuɗin motar zuwa sayensa suka tashi tare. Mai albashi takan shiga Birnin Kabi ko Jega ta sayi ƙulli goma a lokaci guda. Duk mai saƙa ta san amfanin haka: rinin wannan zubi ba ya zama daidai da na wancan, ko da sunan launin ɗaya ne. Bazawara kuwa ƙulli biyu take iya saya wurin ɗan koli, da tsada. In ta dawo neman ƙari ta tarar shuɗin ya ɗan sauya, sai ta zaɓa tsakanin warware aikin kwana uku da sayar da shawul mai launi biyu a wulaƙance.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, inji yana saƙa rigar sanyi da safa, amma har yau saƙar kwarashi ta ainihi da hannu ake yin ta, ɗauri bayan ɗauri. Ashe ke nan abin da ake saya a shawul yinin mutum ne da idonsa da ƙashin bayansa, ulun kuwa shi ne mafi araha a ciki. Wadda ta ce a ba ta kuɗin ulu kawai ta yanke wa lokaci farashi, kuma farashin da ta yanke shi ne babu.

Kakanninmu ba haka suka ɗauki aikin hannun mace ba. Lokacin da kaɗi ke sana'ar kowane gida, mace takan zauna da mazari da auduga, ta kai abawarta kasuwa ko masaƙi ya zo ya saya, kuɗin kuma nata ne, da shi take tara kayan ɗakin 'yarta. A ƙasar Ailan ma, lokacin yunwar da ta fara a 1845, saƙar kwarashi aka koya wa mata da yara, ana sayarwa a waje, gidaje da dama suka tsira da ita. Wannan ƙaramin ƙarfe ya taɓa tsayawa tsakanin mutane da kabari.

Mai karatu zai iya cewa, ulunta ne, lokacinta ne, wa zai hana ta? Gaskiya ne, kuma ba mu ga laifin kyauta ba ko kaɗan. In ta saƙa ta kai gidan suna ta ce ga na jariri, kowa ya san kyauta ce, ba wanda zai auna farashin kasuwa da ita. Inda muke da ja shi ne abin da ba kyauta ba kuma ba ciniki ba, wanda mai yinsa ke samun godiya, maƙwabciyarta kuma ta biya kuɗin godiyar. Mu marubuta ya kamata mu fi kowa gane wannan. Nawa daga cikinmu suka buga littafi da albashinsu, suka raba wa abokai, har mutane suka saba da cewa littafin Hausa abin roƙo ne? Marubucin da ba ya da albashi shi ya ɗanɗana kuɗarsa.

Ba mu manta ba cewa mai sayen ma sau da yawa talaka ce, kuma sanyi ba ya jiran ɗanta. In mai sha'awa ta ga irin wannan, ta ba ta kyauta a fili, ta ce kyauta ce. In kuwa sayarwa za ta yi, ta fara tambayar bazawarar unguwarsu nawa take sayarwa, kada ta yi ƙasa da haka. Ranar da za ta shiga Birnin Kabi kuma ta leƙa ta karɓi saƙonta, ta sayo mata ƙulli goma daga zubi ɗaya a farashin sari, ta biya a hankali in ta sayar.